Ruwan da motar ɗana ta sha

Mu biyu muka saura cikin waɗanda uwarmu ta haifa, ni da yayata. Ni aure ya kawo ni Damagaram tun ina da ƙuruciya, na zauna cikin Birni a gindin duwatsu, a nan na tsufa. Ita kuwa ba ta taɓa barin ƙauyenmu ba, can gaba da Damagaram Takaya, inda hanya ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da na yaye ɗana na fari, wanda har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba, ita aka kai wa. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita yake kira Inna. Ni kuwa in ya zama dole ya kira ni, sai ya ce Innar birni, idonsa na kallon wani wuri.

Yaya tana da wata jar akuya. Ba akuyar a zo a gani ba ce, ƙahonta ɗaya ma a karye yake, amma jinin akuyar uwarmu ce, wadda aka ba ta ranar da aka kai ta ɗakin ubanmu. Daga uwa sai 'ya, daga 'ya sai jika, a turke ɗaya, ƙarƙashin gawo ɗaya, tun kafin a haife mu.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta farko ta yaudare mu, aka yi shuka, ta tsiro, ta ƙone. Ta biyu ko yaudarar ba ta yi ba. Shanu suka faɗi a bakin hanyoyi, mutane suka cinye irin shuka, suka koma ga anza da jiga, abincin daji na lokacin yunwa. Ƙauyenmu ya fara watsewa, gida bayan gida, wasu suka gangara kudu, wasu suka zo suka kafa bukkoki a bayan garinmu. Na aika wa Yaya ta taho, ga ɗaki na share mata. Ta aiko mini da amsa cewa akuyar uwarmu ba ta san siminti ba, ita ma ba ta san shi ba. Muddin akuya tana tsaye da ƙafarta, ita ma tana nan, kusa da kabarin uwarmu da na mijinta, inda take so a sa ta in lokaci ya yi. Ranar da akuya ta kwanta, to, a zo a ɗauke ta. Yaya ba ta magana biyu. Duk wanda ya san ta ya san zamanta a gidan ubanmu yana ɗaure da igiyar akuyar nan.

To ɗana a lokacin direba ne, yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira bashe, mai shan gazuwal, wato man dizal. Ta sha wuya kafin ta zo hannunsa, ta ƙara sha a hannunsa. A kan gudro, wato kwalta, tana tafiya da mutunci, amma akwai wani dogon tudun rairayi kafin ƙauyenmu, wanda in ta zo gindinsa da kaya sai ta yi ta gurnani tana baƙin hayaƙi, ƙafafunta na nutsewa, har ta mutu. Saboda haka a ƙauyen kasuwa da ke kafin tudun yake sauke wa Innarsa hatsi, masu jakuna su ƙarasa da shi. Da fari ya yi nisa, jakunan ma suka ƙare. Hatsi ya yi ta kwana a ƙauyen kasuwa ba mai kai shi, Yaya kuwa ƙafarta ba ta iya wannan tafiya.

Akwai wani makaniki a Zango, Babarbare, dogo, mai tsage a fuska. Shi ya gaya wa ɗana cewa akwai dabara. A shekarun nan Turawa kan ƙetaro hamada da motoci su sayar a nan, wata ta iso da rai, wata a jawo gawarta. A cikin wata da aka jawo ya ciro wani ƙarfe da suke kira turbo, ya ce in aka ɗaura wa motar ɗana, za ta hau tudun nan da buhunanta. Ɗana ya tattara abin da ke hannunsa, bai kai ba. Labari ya zo mini ta bakin matarsa, don shi ba zai iya zama gabana ya faɗa ba. Na kwance mundayen azurfa na aurena, na yafa mayafi, na tafi garajin da ƙafata, ina so in ga abin da zan sayar da mundayena dominsa.

Makanikin ya kawar da wani tsumma daga kan benci ya ce in zauna. Ya ɗauko abin da hannu biyu ya ajiye a gabana. Kamar katantanwa biyu aka manne baya da baya, duk tsatsa, bai kai turmin daka yaji ba. Na ce wannan ne zai ɗaga mota? Ya yi dariya ya ce, Iya, kin san zuga-zugin maƙeri? Na ce ubana maƙwabcin maƙeri ne. Ya ce to shi ke nan. Hayaƙin da mota ke zubarwa a banza shi zai riƙa juya wata 'yar fanka a ciki, fankar ta riƙa zuga iska cikin inji, wuta ta ƙara ci, ƙarfi ya ƙaru. Zai lanƙwasa bututu ya yi walda, ya jawo masa mai ta tiyo don kada ya ƙone, ya ɗan buɗe wa gazuwal hanya.

Daga nan ya daina dariya. Ya ce akwai magana ɗaya, gara ya faɗe ta gaban babba. Wutar da aka zuga zafinta ya fi, injin kuma tsoho ne. Radiyate ɗin motar, wato tukunyar ruwan da ke gabanta mai sanyaya ta, ƙarama ce, ga faci ko'ina. Yana da babba a ajiye, in son samu ne a sa su tare. In an sa turbo shi kaɗai, mota za ta hau tudu, amma za ta isa tana tafasa, kullum sai an ba ta ruwa, kuma ba kaɗan ba.

Ɗana ya sunkuyar da kai, don ya san mundayen ba za su ɗauki biyun ba. Ya ce ko a dakata zuwa wani wata. Ni na tuna hatsin da ke kwance a ƙauyen kasuwa, na tuna Yaya. Ban yi wa ɗana magana ba, makanikin na fuskanta na ce, “Sa mata abin. Ruwa ai ba a hana shi. Duk ƙofar da ta tsaya za a ba ta.”

Haka na faɗa, kuma ban yi ƙarya ba. A ƙasarmu baƙo ko maƙiyinka ne, kafin ka tambaye shi sunansa ka miƙa masa ruwa. Da wannan aka rene ni, da shi na yi lissafi. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne ƙofar wa za ta tsaya.

Tafiyar farko da ni aka yi. Na zauna a gaba, na jingina da ƙofa don kada kafaɗata ta taɓa tasa. Da muka iso gindin tudun, ya taka, sai na ji wani siririn fito yana tashi daga cikin inji, kamar na shirwa a sama, motar ta miƙe ta shiga rairayi tana watsa shi baya. Ba ta tsaya ba. Na ga kan gawonmu ya ɓullo, sannan dannin gidan ubanmu. Ba zan ɓoye ba, raina ya yi fari, na ji kaina ya yi girma. Ɗan da na haifa ne ya kawo mota inda mota ba ta taɓa zuwa ba, kuma da mundayena a cikinta.

Ya tsaya a ƙofar gida bai kashe ta ba, don makanikin ya ce a riƙa barin ta ta huce tukuna. Tana haki, tururi na fita ta ƙarƙashin murfi. Yaya ta fito da ƙwarya a hannu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta ba ni na sha, ta ba ɗanta ya sha, sannan aka gaisa. Ta dubi motar ta ce masa ashe da baƙuwa ya zo bai faɗa ba, ga ta tana lallage harshe kamar karen farauta. Ya ce, Inna, ƙishirwa take ji, bidon, jarkar ruwan da muka taho da ita, ya ƙare tun ƙauyen kasuwa. Ta shiga, ta fito da tulu a ka, ta sauke a gaban motar. Ya jira ta ɗan lafa, ya buɗe da tsumma, ya yi ta ɗurawa. Na ji tulun yana sauya murya, daga mai nauyi zuwa ta wofi. Ta koma ta kwalfo na randa ta cika masa bidon na komawa. Akuyar na ɗaure a gindin gawo, ta ja igiya iyakar tsawonta tana kallon inda ruwan ke ɗiga a ƙasa.

Na gani. Tun ranar farko na gani.

Daga nan duk ranar kasuwa sai mun je, da hatsi, da jar dawar taimako in an samu, da ɗan gishiri. Mutanen da suka rage a ƙauyen suna sa wa ɗana albarka, don har nasu saƙon yana kawowa. Kowane zuwa, mota ta iso tana tafasa, kowane zuwa tulu ya fito.

Wata maƙwabciyar Yaya, tsohuwa mai ido ɗaya da muka yi wasan ƙasa tare, ita ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini yadda ruwan ke samuwa. Rijiyar gari ta ja baya, sai dai tsattsafo a can ƙasa. An raba wa gidaje lokaci, kowa ya jira ya taru ya kwalfa da ludayi, abin da mace za ta samu a yini bai cika tulu ba, rabinsa laka. A cikinsa za a sha, a dafa, a yi alwala, a jiƙa anza a yi ta sauya mata ruwa har ɗacin ya fita. Yaya kuwa tun daga washegarin tafiyarmu take fara tara wa mota. Kullum ta rage wani abu ta juye a randa ta rufe. Nata shan ta rage, anzarta da ɗaci take ci, amma mafi yawa daga rabon akuya yake fita, don akuya ba ta da bakin faɗa wa kowa. Maƙwabciyar ta ce in dubi ƙugun dabbar. Na ce na duba.

Na koma gida na kasa cin tuwo. Mu ma a birni ruwan wuya yake, 'yan garuwa sai ka bi su da roƙo, amma ana samu. Na sa matar ɗana ta gaya masa ya rage buhu biyu na haya ya ɗora tano, wato duro, cike da ruwa. Bai musa ba. Shi a wurinsa randar Inna ba ta taɓa ƙafewa ba tun yana yaro, bai taɓa tambayar daga ina take cika ba, amma ya ɗora.

Da muka isa, Yaya ta fito da ƙwaryarta kamar kullum. Idonta ya faɗa kan tanon. Ta tsaya. Ta tambayi ɗanta na wane ne, ya ce na mota ne da na gida, Innar birni ta ce a kawo. Ta juyo gare ni, ƙwaryar na hannunta ba ta miƙo ba.

“'Yar birni,” in ji ta, “gidan ubanki kika zo da guzurin ruwa?”

Na ce, Yaya, ba haka ba ne, lokacin ne ya zo da haka.

“Na mutu ne ba a gaya mini ba? Yaron nan da ruwan randar nan na yi masa wanka. Yau shi zai tsaya a ƙofata ya sha na wani gari, mutane na kallo?”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a sauke tanon a kai ƙofar masallaci, masu alwala su samu, ladan na mai kawowa ne. Ko moɗa ɗaya ba ta bari an shigar mata gida ba. Sannan ta miƙo mini ƙwaryar, na karɓa na sha, don ba a mayar da ruwan baƙo. Ta shiga ta fito da tulu.

Sai muka sake dabara. A zuwa na gaba na sa ya tsaya a kan tudun, inda ba a hango mu daga gari. Muka zauna cikin rana har injin ya huce, ya cika shi daga bidon, muka gangara a hankali kamar masu laifi. Yaya ta ba mu ruwa, ta je ta ɗora tafin hannunta a gaban motar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce, to, yau baƙuwar ta sha a hanya. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Duk da haka ta fito da tulun, ta ce ai akwai komawa, ta tsaya a kansa sai da ya juye shi cikin bidon. A nan na gane dabarata ba ta da amfani. Ƙishirwar akuya ba ranar zuwanmu take ba, a cikin kwanakin tarin take, kuma Yaya ba za ta daina tari ba muddin ta san ɗanta na tafe.

Abu biyu suka rage. Ko mu daina zuwa, hatsi ya yanke mata. Ko in zauna gabanta in ce, Yaya, ba ki da shi, ruwan nan na akuyar uwarmu ne kike ba ƙarfe. Na shirya maganar nan a bakina sau da yawa a kan hanya. In mun isa, ta miƙo ƙwarya da hannun nan nata da ya zama ƙashi, sai maganar ta koma ciki. Ƙanwa ba ta gaya wa yayarta ta talauce. Ga shi kuma ɗan ni na haifa amma nata ne, in na hana ta shayar da shi kamar na zo karɓar abina ne. Haka na ci gaba, ina sha ina gode mata.

Abin da na iya shi ne na matsa wa matarsa ta matsa masa a kan babbar radiyate ɗin nan. Ya yi ƙoƙari, ba zan ɗora masa ba. Ya yi ta jigilar kaya tsakanin Takieta da Damagaram ba hutu, ya fasa zuwa ƙauye kasuwa ɗaya don motar tana garaji. Makanikin ya sa mata babbar, ya ce yanzu ko Agadas za ta je ba ta nemi kowa da komai ba.

Muka hau tudun ran nan, fiton na tashi, ba tururi, ba haki. Na ce a raina yau zan ga tulu ya koma ciki da ruwansa. Da muka karyo kwana na dubi gindin gawo. Turke na nan, igiya na nan a naɗe a kansa.

Yaya tana zaune a ƙofar gida a kan tabarma, ƙullin kayanta a gefe. Ta tashi ta kawo ruwa, muka sha, aka gaisa har ƙarshe, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce akuya ta kwanta shekaranjiya, ta ƙi tashi, ta kira limami ya yanka ta kafin ta zama mushe. Naman ta raba wa maƙwabta, ta ajiye mana namu, ga shi a ƙwarya ta soya da ɗan gishirin da muka kawo. Ɗanta ya zauna a kan dutse ya rufe fuska da hularsa. Ni na ci naman. An ajiye mini, ba yadda zan yi. Ba shi da kitse ko kaɗan.

Ta je ta yi sallama da kaburbura ita kaɗai, ta dawo, ta jawo ƙyauren ɗaki ta tokare da itace. Randar ta bar wa mai ido ɗaya, da ruwan da ta tara wa mota a ciki. Muka sa ta a gaba tsakaninmu. Motar ta ɗauke mu ta haye tudun kamar ba komai a cikinta. Da muka yi nisa Yaya ta saurara, ta ce wa ɗanta, “Yau ba ta jin ƙishirwa?” Ya ce an yi mata magani, Inna. Ta ce madalla, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ta zauna a ɗakin da na share mata. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Tana taya ni tsinkar zogale, tana goyon jikoki, in an kawo garuwa ta tsaya tana kallon yadda yara ke zubar da ruwa a tsakar gida. Shekarar da ruwan sama ya dawo, mutanen ƙauyenmu suka fara komawa, na ce mata ko a mayar da ita. Ta ce ta koma ta ɗaure me? Kafin kaka ta zo, Yaya ta kwanta, ba ta tashi ba. A maƙabartar birni aka sa ta, cikin mutanen da ba ta sani ba, tafiyar yini daga uwarmu.

A cikin ƙullin da ta taho da shi akwai fatar akuyar. Tun ba ta daɗe da zuwa ba, ta ba wani majemi ya jeme ta, aka ɗinke ta salka, irin wadda direbobin hamada ke ratayawa a jikin mota don ruwa ya yi sanyi. Ta ba ɗanta da hannunta, ta ce ya riƙa cika ta kafin ya tashi, kada baƙuwarsa ta riƙa tsayawa a ƙofar mutane, don ba kowa ne zai iya faɗa masa ba shi da shi ba.

Ya rataye ta a gefen motar, ta ɓangaren da nake zama. Shekaru tana nan, jan gashinta na zubewa kaɗan kaɗan, tana ɗiga a kan hanya. In mun tsaya ya kwance bakinta ya tsiyaya a moɗa ya miƙo mini, idonsa na kallon wani wuri. Ruwan yana da sanyi ƙwarai. Ina karɓa in sha.